Ruwan Bayan Kujerar Direba

Ina durƙushe a gonar gyaɗa ina cirar ciyawa da hannu, tsakanin azahar da la'asar, na hango Malam Danjuma yana tahowa ta kan kunya. Malamin firamare ne a garinmu, Masanawa, mutumin Filato, ya daɗe a cikinmu har ya fi wasunmu sanin gonar kowa. Abin da na fara lura da shi kekensa ne. Ya bar shi a kwance a bakin hanya, tayar baya tana juyawa. Mutum ne da ko gaisuwa zai tsaya yi sai ya kafe keken nan ya daidaita shi.

"Sannu da aiki, Sani."

"Yauwa, sannu Malam. Ya iyali? Ya ruwa?"

Ya ce in miƙe tsaye. Na miƙe da ciyawa a hannuna.

"Daga Kabo nake. Yayanka ne, Auwalu. Motarsa ta sauka daga kan hanya a gangaren wata gada. Fasinja sun fita da raunuka. Shi kuwa sai haƙuri."

Na yi salati. Sannan bakina ya faɗi abin da ban shirya faɗa ba.

"Burki ne?"

Ya daɗe yana dubana kafin ya ce bai sani ba.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan bana, ƙaramin abu ne. Cikin markar da aka yi kwanakin baya na buɗe ɗakin ajiya zan ɗauki igiya, na tarar da ragowar buhun takin zamani na kamfa da ban ɗaure bakinsa da kyau ba yana tsaye a tsakiyar jiƙa, ruwa ya kewaye shi a kan siminti. Maiɗakina ta leƙo ta ce ko rufin ya fara yoyo. Na ce mata rufi lafiyarsa ƙalau. Na fito na zauna a kan turmi, na manta da igiyar.

Yaya Auwalu ne ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba. Ya girme ni da shekara tara. Ni ina gona, shi yana hanya, yana jigila tsakanin Gwarzo da Kano da wata tsohuwar mota doguwa mai kujeru layi uku. Hajiya yake kiranta. Yana da dokoki a kanta waɗanda duk tasha an sani: ba a sa taki a ciki, ba a sa gishiri, ba a sa kananzir. Waɗannan sai but, wurin kaya na baya, ko a bar su a ƙasa. Ba mai yawan faɗa ba ne, amma idan ka taka masa doka sai ya yi maka shiru na kwana uku, ni kuwa na fi tsoron wannan shirun da duka.

Daminar da ta gabaci wadda zan ba da labari, taki ya yi wuya ƙwarai. Na yi sammako uku zuwa Gwarzo kafin na samu rabin buhu. Da na zo tasha but ya cika maƙil da kayan fasinja, har an ɗaure shi da igiya. Yaya ya tafi alwala. Na duba hagu na duba dama, na cusa buhun a ƙasa bayan kujerar direba, na zauna na ɗora ƙafafuna a kai, na saki rigata ta rufe shi. Da muka iso gida ya shiga gaida Inna, ni kuma na jawo buhun da sauri. Wani ƙarfe na ƙasan kujera ya farke shi. Abin da ya zube zai kai kwano biyu. Na kwashe wanda hannu zai iya kwasa. Akwai wata yagewa a jikin kafet ɗin wurin, sai na share sauran da tsintsiya na tura shi ta cikin yagewar, na mayar da dardumar roba a kai. Ba wanda ya gani. Ragowar daminar kowa da taɓo a ƙafa yake shiga mota, ba wanda ya kula da wata laima. Rani ya zo ya busar da komai, ni ma na manta.

Bazarar da ta biyo baya ta yi tsanani. Rijiyar unguwarmu sai an ƙara igiya. Awaki suna kwana a gindin bango suna haki, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana. Daga baya iska ta juya, ta yi nauyi, gumi ya daina bushewa a jiki. Kullum da yamma hadari zai haɗu a gabas, a ji cida can nesa kamar ana mirgina turmi, sannan ya watse. Mun gyara gonaki, mun ƙone saura, mun kai takin gida a kan jaki. Wasu sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jira. Ɗigo ɗaya bai sauka ba.

Wata safiya bayan asuba na ji muryarsa daga ƙofar gida.

"Sani! Wa ya yi mini alwala a cikin mota?"

Na fito na same shi ya ɗaga dardumar roba ta bayan kujerarsa. Kafet ɗin ya jiƙe, ya yi duhu, faɗin faifai. Ya danna da yatsa, ruwa ya taso.

"Ko wani fasinja ne ya zubar da gorarsa," in ji ni.

"To, Allah ya shirye shi."

Ya goge da tsumma ya tafi. Zafin rana ya busar da wurin kafin ya kai Kano. Washegari da safe ya sake jiƙewa. Haka jibi.

Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kiran sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. Idan ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Mai mota take ce masa, kuma duk abin da take son ya ji ni take gaya wa, ko da yana zaune a tsakar gidan yana jinta. Ranar da matarsa Hajara ta ba ta labarin jiƙar, tana tsintar wake a faifai. Ta tsaya.

"Ruwa bai sauka ƙasa ba, ya shiga mota?"

Ta ci gaba da tsinta, amma na ga tana mayar da tsakuwar cikin waken.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ya ɗauke rufin ɗakin awakinmu. Muka fita da sungumi tun ƙasa tana tururi, ni a gaba ina sara, Hajara da maiɗakina a baya suna zuba iri suna takewa. Cikin kwana biyar gero ya tsaga ƙasa, layi-layi, har mutum ya ji daɗin kallo. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana goma, kwana goma sha biyar, ya doshi ashirin. Shukar ta naɗe ganye kamar allura, ta yi ja, ta kwanta. Aka fita filin idi roƙon ruwa sau biyu, tsofaffi da riguna a juye. Da ruwan ya dawo sai da muka sake shuka, irin kuma daga gindin rumbu muka kwaso shi, daga abin da aka ajiye don ci.

Duk tsawon farin nan, da ƙasa take tsagewa, motar ba ta fasa jiƙewa da safe ba. Labari ya kai tasha. Wata rana na bi shi Gwarzo, muna tsayawa direbobi suka taso.

"Ga mai Hajiya! Yau ma ta yi fitsarin kwancen?"

"Auwalu, ai da ka sani ka kai ta filin idi, liman ya shiga ciki ya yi addu'ar. Ita kaɗai ake yi wa ruwa a ƙasar nan."

"Ka shuka mana shinkafa a baya, mu dai a ba mu zakka."

Ya yi dariya tare da su, ya ce uwar wani ce take zuwa da dare tana yi masa wanki. Amma da muka keɓe na ga ya sunkuya ya taɓa wurin, ya shinshina yatsansa, ya girgiza kai.

Ba zan ce ban gane wurin ba. Na gane shi tun ranar farko. Amma a ganina taki idan ruwa ya same shi ne yake narkewa. Ban taɓa tunanin shi da kansa zai kira ruwa ba. Ko kuma na yi tunanin, na kawar da kai. Na daɗe ina auna waɗannan biyun, har yau ban san wanne ne gaskiya ba.

Da damina ta kankama sai jiƙar ta ƙaru, ta daina bushewa ko da rana. Motar ta ɗauki wani wari, kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Mata masu zuwa biki suka fara ƙin zama a layin tsakiya saboda bakin zaninsu. Yaya ya ɗaura niyyar sai ya gano ta inda ruwan yake shiga, kuma ni ne abokin aikinsa.

Mun fara da buta. Ranar Juma'a da safe, da ba ya fita da wuri, sai ya shiga ciki ya rufe gilasai ya kwanta a kan kujera, ni kuma ina zagaye motar ina tsiyaya ruwa a kan kowace gaɓa: saman ƙofa, gefen gilashi, marfin but.

"Ƙara nan. A'a, sama kaɗan. Kai Sani, zuba za ka yi, ba shafa ba, ai ba jariri kake wa wanka ba."

Buta shida muka ƙarar, ko ɗigo bai gani ba. Ya canja robar ƙofar baya da wata da ya samo a Kano. Ya narka kwalta a gwangwani ya bi gefen gilashin gaba da ita, har ta ɓata masa farar riga. Sannan ya kai ta wurin Garba bakanike a Gwarzo. Garba ya buɗe bonet, ya nuna masa wasu ƙananan ramuka a ƙasan gilashin gaba, inda ruwan sama yake bi ya zube ƙasa. Ya zura waya ya zaƙulo ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen ganyen darbejiya cike da tafin hannu biyu.

"Ga ɓarawonka. Kai da kake ajiye mota kusa da masussuka, me kake jira?"

Ranar Yaya ya dawo gida da fara'a, har ya tsaya a tsakar gida ya ce da ni, da ƙarfi don Inna ta ji, an kama ɓarawo. Da safe wurin ya jiƙe kamar ba a yi komai ba.

Daga nan ya koma dabarar da muke yi wa ɓera da maciji. Ya sa Hajara ta tankaɗe toka, ya barbaɗa ta a dokin kowace ƙofa, da ƙasan gilasai, da kewayen wurin, don duk ta inda ruwan ya biyo ya bar sawu. Ya tura motar ƙarƙashin rumfar kwano ta maƙwabcinmu, ya lulluɓe ta da tamfol, ya danne da duwatsu. Da gari ya waye muka yaye tare. Tokar tana nan fara, a bushe, ko ƙwaro bai taka ta ba. A tsakiyarta kafet ɗin ya jiƙe sharkaf.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, a hankali, "Wannan ba daga sama yake zuwa ba."

Lokacin abinci ya riga ya ja baya. Sake shukar da muka yi ta ture kaka da kusan wata guda, rumbu kuma ya kai ƙasa, sai ƙura da kashin ɓera. Gidanmu mutum tara ne. Abin da Yaya ya shigo da shi da magariba, kwanon masara ko na garin rogo a leda, shi ake ɗorawa. Ranar da mota ba ta fita ba, tafasa ce da rama, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli. Da safe a dama koko tsararo, kowa ludayi biyu, mu tafi noma. Kafin hantsi ya dubi ludayi yunwa ta dawo. Idan aka kira gayya, mutane suna zuwa ne ba don kiɗa ba, don furar da za a raba. Na ga dattijo ya lashe bayan ludayi ya juya baya don kada a gan shi. Inna kullum sai ta ce ta ƙoshi, ta tura kwanonta gaban jikoki.

A cikin wannan hali magana ta fara yawo a bakin mata. A shekarar da ta gabaci wannan Yaya ya ɗauko gawar wani maƙwabcinmu daga asibiti a Kano, ya kwantar da kujerun baya ya shimfiɗe shi. Aka ce kan mamacin daidai wurin nan ya kwanta. Wasu suka ce ruwan wankansa ne yake biyo motar. Wasu suka ce ba na wanda ya tafi ba ne, na wanda zai tafi ne. Ba wanda ya faɗa a gaban Inna, amma ta ji. Ta kama kazarta ɗaya tilo ta ba ni in kai wa liman sadaka. Saƙonninta suka yawaita.

"Ka ce wa mai mota ya riƙa addu'ar hawa."

"Ka ce wa mai mota ya rage gudu in ya ga hadari."

"Ka tambayi mai mota, dole ne sai wannan motar?"

Ni kuwa ina kaiwa ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa rage mata ko kalma ba.

Wata Lahadi Malam Danjuma yana dawowa daga coci ya same mu a ƙofar gida, ƙofofin mota huɗu a buɗe ana shanya ta. Ya kafe kekensa, muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi gona.

"Direba, har yanzu Hajiya ba ta warke ba?"

"Ina fa, Malam. Ko kana da wani allon da za ka rubuta mata?"

Ya naɗe hannun rigarsa ya sunkuya. Ya dangwali ruwan ya murza tsakanin yatsu biyu. Ya shinshina. Sannan ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar.

"Wannan ba ruwan sama ba ne. Ji santsinsa. Kuma yana da ɗaci, kamar gishiri-gishiri. Auwalu, ka taɓa ɗauko taki a nan?"

"A but dai, ba adadi. Amma ciki? Ko hakimi ne ba zai sa mini taki a ciki ba. Ga Sani nan, tambaye shi."

Ya juyo yana murmushi, irin na wanda ya san shaidarsa a hannu take. Ina riƙe da tsumman da muke matsewa. Na ji ruwan yana bin gwiwar hannuna.

"Haka ne," in ji ni.

Malam ya ce ko ma mene ne, a ɗaga kafet ɗin a gani. Yaya ya ce kafet ɗin ya bi ta ƙarƙashin kujeru, sai an kwance su, notikan kuma sun yi tsatsa sun kama, Garba ya ce aikin kwana biyu ne in ba a yi sa'a ba uku.

"Kwana uku ba a ɗora tukunya ba, Malam? Bari sabon gero ya shigo. Bayan kaka zan tuɓe ta tsirara in ga abin da take ɓoyewa."

Da Malam zai tafi ya ce in taka masa. Muka yi tafiya yana tura keken, har muka wuce masallaci. Sai a bakin kududdufi ya tsaya.

"Sani, taki yana jan ruwa daga cikin iska. Ba sai an yi ruwa ba, iska ta yi laima kawai ya ishe shi. Ka taɓa mantawa da lauje a cikin buhun taki?"

Na ce na taɓa.

"Yaya ka same shi?"

Mu duka mun san yadda ake samunsa, tsatsa ta cinye shi.

"Ni ba bakanike ba ne. Amma na taɓa ganin cikin irin motar nan a ramin gareji. Ta ƙarƙashin wurin nan siririn bututun man burki yake bi ya tafi tayoyin baya." Ya hau kekensa, ƙafa ɗaya a ƙasa. "Ban ce ka san wani abu ba. In dai ka tuna, ka gaya masa."

Na yi niyya. Allah ya sani na yi niyya. Na shirya maganar a gona, na maimaita ta ina huɗa. Amma yanzu ba zubar da taki kaɗai zan faɗa ba. Zan faɗa masa na tsaya ina zuba masa ruwa da buta alhali na san wurin. Na bar shi ya sayi roba a shekarar da ake auna koko da ludayi. Na bar Inna ta ba da kazarta. Na dube shi a gaban baƙo na ce haka ne. Kullum maganar ƙara nauyi take. Na ce sai ranar Juma'a. Juma'a ta zo, abokansa suka cika ƙofar gida. Na ce sai mun keɓe a gona, ranar kuma ya zo da zazzaɓi a jikinsa ya yi kunya biyu ya koma. Na ce to bari gero ya nuna, mutum ya fi jin magana da abinci a cikinsa.

Marka ta sauka. Kwana huɗu ba a ga rana ba, yayyafi ba ya tsayawa, itace ya ƙi kamawa, gishiri ya narke a kwalba. Katangar bayan gidanmu ta zube da hantsi ba iska ba komai. Gero ya fitar da kai, ya yi fure, ya fara ɗaukar ido. Cikin waɗannan kwanaki na ga Yaya ya buɗe bonet yana tsiyaya wani abu daga ƙaramar roba.

"Me ya samu?"

"Hajiya ta koyi sabon hali. Man burki take sha. Shekaranjiya na cika mata, dubi inda ya koma." Ya rufe ya goge hannu. "Tsufa ne. Garba zai duba in na samu sarari."

Safiyar ranar da abin ya faru, hadari ya kwanta baƙi ƙirin ta gabas, ba iska, ko ganye ba ya motsi. Tsuntsaye ma ban ji su ba. Inna ta kira ni ɗakinta. Tana zaune a kan buzu, carbi a hannu.

"Ka ce wa mai mota ya haƙura da fitar yau."

Na same shi yana matse tsumma a gefen taya. Na isar da saƙon.

"Ka ce wa Inna na ji. Ka kuma tambaye ta, in na zauna me za a ɗora?" Ya faɗa da murmushi, ba da tsiwa ba.

"Yaya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Ta gona ce, ko ƙarin aure kake so a wannan yunwar?"

"A'a. Ta motar ce."

"Kai ma ka zama bakanike? To bari in dawo, fasinjan Kano ba sa jiran kowa. Tura ni, batir ya yi sanyi."

Na sa kafaɗa na tura. Ta tashi a karo na biyu, ya ɗago hannu ta taga. Kalma huɗu ce ko biyar, da na faɗe ta ina tura motar ma ya ji. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na ɗauki hanyar gona.

An kawo shi kafin magariba, aka yi masa sutura aka kai shi a cikin yayyafi. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ɗan fari ne. Ta zauna tana amsa gaisuwa, tana cewa Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Hajara ce aka riƙa riƙewa. Kwana tara bayan haka muka fara gasa tumu.

Waɗanda suke cikin motar ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wata mata daga Dugabau, da ta karye a hannu, ta ce ta ga ƙafarsa tana dukan burki sau da yawa, sannan ya ce kowa ya yi salati. Wani ɗan kasuwa ya rantse ƙarar fashewar taya ya fara ji. Wani ya ce babbar mota ce ta matso su, kwalta kuma da santsi. Kowa abin da ya gani ya faɗa, ban ƙaryata kowa ba.

Bayan addu'ar bakwai na je Gwarzo. An jawo motar an ajiye a bayan garejin Garba. Gabanta ya shige ciki, amma layin tsakiya yana nan yadda yake, har dardumar roba. Garba ya yi mini gaisuwa, ya tsaya kusa da ni da sifana a hannu.

"Marigayi ya ce bayan kaka zai kawo ta mu ɗaga kafet ɗin nan. Yanzu ai ba sai an kwance noti ba, wuƙa zan sa in farke. In ɗaga mu gani?"

Na dubi wurin. Yana nan a jiƙe.

"Bari tukuna," in ji ni. "Zan dawo."

Da na koma bayan an gama girbi, dangi sun riga sun amince an sayar wa 'yan gwangwan, sun yanka ta sun loda. Malam Danjuma ya ƙara shekara shida a garinmu kafin ya yi ritaya ya koma gida. Mun gaisa sau dubu, mun zauna a wuri ɗaya a suna da jana'iza. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma haka.

Yanzu 'ya'yan Yaya sun girma, a hannuna suka tashi. Taki yana zuwa har bakin gona a kan babur mai ƙafa uku, ba wanda yake ɓoye rabin buhu a ƙarƙashin riga. Hanyar ma an gyara ta, an yi wa gadar shinge.

Inna tana da nata bayanin, kuma da shi ta rayu. Takan ce Allah ya yi mata gata, bai ɗauke shi bagatatan ba, sai da ya nuna mata alama wata uku cur, ta samu ta yi masa addu'a, ta yafe masa duniya da lahira tun yana raye. Duk baƙuwar da ta zauna da ita sai ta ji labarin ruwan da ya shiga mota kafin ya sauka ƙasa. Sau da yawa ina bakin ƙofa ake ba da shi. Wani lokaci takan juyo ta ce, "Ga Sani nan, a gabansa aka yi." In ce haka ne.

Ban sani ba ko takin ne ya ci bututun. Ban sani ba ko burkin ne ma. Abin da na sani shi ne ta inda ruwan ya fito, kuma ni kaɗai na rage da na sani a garin nan. Inna ta haura tamanin, idonta ya tafi amma kunnenta garau. Jiya na kai mata kunu na zauna a bakin gadonta har ta shanye. Har yau ban gaya mata ba.